Cali Caflin: Ɗan barkwancin da ya sa duniya dariya a bakin kabari

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa mutuwa ba abar wasa ba ce. Ko gawar wanda ba a sani ba aka zo wucewa da ita a makara, za ka ga masu hira a bakin titi sun yi tsit, wasu sun miƙe, wasu ma sun bi bayanta zuwa maƙabarta. To amma duk wanda ya saba leƙa gidajen kallo na ƙauyukanmu, ko ya ɗan zauna a shagon masu cajin waya da tura fina-finai, tun daga cikin garin Dawakin Tofa har zuwa rumfunan kasuwar Dawanau, ya san akwai wani abu da ya saɓa wa wannan tarbiyya. Za ka tarar da samari sun yi dafifi a kan waya guda, ana nuna mutum mota ta bi ta kansa, ko bindiga ta tashi bisa kuskure ta tarwatsa masa kai, su kuwa suna ta sheƙa dariya har da riƙe ciki. Fim ɗin na ban dariya ne, kuma da gangan masu shirya shi suka tsara mutuwar domin a yi dariyar.

Dattawanmu kan ce imani ne ya yi ƙaranci a zukatan 'yan zamani. Mai yiwuwa da gaskiyarsu. Amma a nawa ganin, abin tambaya a nan shi ne, wa ake yi wa dariyar? Mamacin ne, ko wanda ya kashe shi, ko kuwa shi kansa mai kallon? Babu mutumin da rayuwarsa ta fi cancanta a duba domin neman amsa kamar Charlie Chaplin, wanda bakin Bahaushe ya mayar Cali Caflin. Shi ne ɗan wasan da ya shafe fiye da shekara 50 yana haɗa dariya da masifa a fim, kuma wasan da ya yi da kisan kai yana daga cikin abubuwan da suka raba shi da ƙasar da ya zauna kusan shekara 40.

Cali ba baƙonmu ba ne. Tun zamanin Turawa, lokacin da motocin majigi ke zagaya garuruwa suna nuna fina-finan tsafta da na noma, akan saƙala gajerun fina-finansa domin a jawo jama'a su zauna. Wanda kuma bai gan shi a majigi ba ya ga inuwarsa a fina-finan Indiya, domin shigarsa da tafiyarsa Raj Kapoor ya ara a Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955. Saboda haka mafi yawanmu mun san ɗan guntun gashin bakin, da 'yar malafar, da kwagirin, da takalman nan da suka fi ƙarfin ƙafa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin ƙuncin da ya haifar da su.

An haife shi a kudancin birnin Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889. Iyayensa duka biyu mawaƙa ne a gidajen rawa da wasa, amma aurensu bai je ko'ina ba. Uban giya ta yi masa katutu, ta kuma kashe shi da ciwon hanta a 1901 yana da shekara 38. Uwar, Hannah, muryarta ta dusashe, ta koma ɗinki domin ciyar da 'ya'yanta biyu, Sydney da ƙanensa Cali. Yana da shekara bakwai talauci ya kai su gidan matalauta na Lambeth, wato irin gidajen da hukumar Ingila ke tsare fakirai tana sa su aiki a bakin abincinsu, daga nan aka raba yaran da uwarsu aka kai su makarantar marayu da marasa galihu a Hanwell. A 1898 aka fara kwantar da uwar a asibitin masu taɓin hankali na Cane Hill. Da ciwon ya dawo a 1903, shi da kansa, yana yaro ɗan shekara 14, ya riƙe hannunta ya kai ta asibiti, ya dawo ɗaki shi kaɗai.

Akwai wani ɗan labari da ya bayar a littafin tarihin rayuwarsa na 1964, wanda nake ganin duk Bahaushen da ya taɓa kora ragon layya zai gane shi. A ƙarshen layin da suke zaune akwai mayanka, kuma ta ƙofar gidansu ake wucewa da tumaki. Wata rana tunkiya guda ta kuɓuce ta ranta a na kare, mutane suka bi ta, wannan ya yi tuntuɓe, wancan ya faɗi, unguwa ta kaure da dariya, shi ma yaron yana ta ƙyalƙyalawa. Sai da aka kama ta aka nufi mayanka da ita sannan ya farga da inda za a kai ta, ya ruga wurin uwarsa yana kuka. Da ya tsufa ya riƙa tunanin ko wannan yammacin ne ya zama tushen dukkan fina-finansa. Dariyar da kukan a kan tunkiya ɗaya aka yi su, tsakaninsu bai kai minti biyar ba.

Ɗaukakarsa ba ta ɗauki lokaci ba, mu ma ba za mu daɗe a kanta ba. A 1908 wansa ya sama masa gurbi a ƙungiyar wasa ta Fred Karno, wadda ta kai shi Amurka a 1910. A ƙarshen 1913 ya shiga kamfanin fim na Keystone a kan albashin dala 150 a mako, a watan Fabrairun 1914 kuma duniya ta fara ganin gantalallen nan mai kwagiri. Zuwa 1916 kamfanin Mutual yana biyansa dala 670,000 a shekara. A 1919 shi da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa kamfanin United Artists domin kada wani attajiri ya riƙa yi musu katsalandan. Wannan 'yancin ne ya ba shi damar taɓa abubuwan da wasu ke tsoro. Tun a 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi Shoulder Arms, inda ya mayar da zaman soja a ramukan yaƙi abin dariya. Abokansa sun gargaɗe shi cewa jama'a ba za su lamunta ba, sai ga shi sojojin da suka dawo daga ramukan su ne suka fi kowa son fim ɗin.

Fim ɗin The Gold Rush na 1925 shi ne ya fi nuna yadda hankalinsa ke aiki. Ya karanta labarin wani ayarin matafiya, ayarin Donner, da dusar ƙanƙara ta tare a duwatsun Siyera Nebada na yammacin Amurka a hunturun 1846 zuwa 1847. Kusan rabinsu suka mutu. Waɗanda suka rage sun ci fatu da takalma, daga bisani wasunsu suka ci gawarwakin 'yan'uwansu. Daga wannan abin tashin hankali ya fitar da wurin nan da kowa ya sani, inda ya dafa takalminsa, ya zuba shi a faranti cikin tsanaki, yana tsotsar ƙusoshin kamar ƙashin kaza, sannan abokin zamansa da yunwa ta gusar wa hankali ya fara ganinsa a matsayin ƙaton zakara, ya ɗauko bindiga. Manomin da ya taɓa ganin rumbunsa wayam a tsakiyar damina bai buƙatar a yi masa sharhin wannan wuri. Mutanenmu da suka sha baƙar yunwa su ne kuma suka laƙaba mata sunaye, Kakalaba ta 1914, 'Yar Gusau ta 1942, kamar masu yi wa kishiya habaici. Kuma mu tuna da tatsuniyar Ɗan Auta da kakanni ke ba jikoki da dare: yaron da ya ƙona rumbuna, ya tsone idon ɗan sarki, ya kashe Dodo da gasassun duwatsu, yara kuma suna ta dariya. Ashe dai wasa da abin tsoro ba daga Amurka aka fara kawo mana shi ba.

Har zuwa wannan lokaci mutuwa tana zagaya Cali ne kawai, ba ta cika faɗawa kan kowa a gaban mai kallo ba. A City Lights na 1931 akwai attajirin mashayi da ya ɗaura dutse a wuya zai faɗa kogi, amma Calin da ya zo ceto shi ne ya tsunduma cikin ruwan. Abin ya sauya ne da zuwan Hitila. Kwana huɗu ne kacal tsakanin haihuwar mutanen biyu, gashin bakinsu iri ɗaya, dukansu sun taɓa ɗanɗana fatara. Cali ya fara ɗaukar The Great Dictator a watan Satumbar 1939, 'yan kwanaki bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, ya sake shi a Oktobar 1940, lokacin Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba. Ya fito a matsayin mutum biyu, ɗan kama-karya mai suna Hinkel da wani wanzami Bayahude.

A wannan fim mutuwa ta fito fili a cikin wasansa. An kawo wa Hinkel wani mai ƙirƙira da ya ce ya ɗinka rigar da harsashi ba ya hudawa. Hinkel ya karɓi bindiga ya ɗirka masa, mutumin ya faɗi matacce, shi kuwa ya juya ya koma ofis cikin ƙosawa kamar wanda aka ɓata wa lokaci. (Mai karatu zai tuna da labaran masu gwajin maganin bindiga da muke ji a garuruwanmu lokaci-lokaci.) Aka sake kawo wani da ya ce ya ƙera laimar sauka daga sama da ake sawa a kai kamar hula. Ya yi sallama, ya dira ta taga, Hinkel ya leƙa ya bi shi da ido har ƙasa. Mutum biyu sun mutu, mai kallo kuma ya yi dariya sau biyu. Amma a lura da inda dariyar ta sauka: a kan mai mulkin da ran ɗan'adam bai kai masa darajar minti ɗaya na lokacinsa ba. Duk da haka, Cali da kansa ya faɗa daga baya cewa da ya san haƙiƙanin abin da ke faruwa a sansanonin kisan gilla na Jamus, da bai iya yin wannan fim ba. Wato shi ma ya yarda akwai iyakar da dariya ba ta ƙetarewa.

Kafin mu kai ga babban fim ɗin da ya sa na ɗauko wannan batu, dole a faɗi abin da ba shi da daɗi. Cali ba waliyyi ba ne. Matansa biyu na farko, Mildred Harris da Lita Grey, kowacce tana da shekara 16 ya aure ta, kuma duka auren sun mutu cikin tonon silili. Rabuwarsa da Lita a 1927 ta ci masa fiye da dala 600,000. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida mutum ne mai tsanani, wanda zai sa a maimaita wuri guda sau ɗaruruwa. A 1943 wata 'yar wasa mai suna Joan Barry ta kai shi ƙara cewa shi ne uban cikinta. Gwajin jini ya nuna ba shi ba ne, amma a 1945 kotu ta yi watsi da gwajin ta ɗora masa ɗawainiyar yarinyar. Ana cikin wannan dambarwa ya auri Oona O'Neill, tana da shekara 18 yana da 54, auren da ya ɗore har ƙarshen rayuwarsa, suka haifi 'ya'ya takwas. Bugu da ƙari, a 1942 ya yi jawabai yana kiran a taimaka wa Tarayyar Sobiyat a yaƙi, kuma duk zaman da ya yi bai taɓa karɓar takardar zama ɗan Amurka ba. Saboda haka lokacin da yaƙi ya ƙare jaridu sun riga sun wasa wuƙaƙensu.

A irin wannan yanayi ne ya ajiye malafa da kwagiri ya yi Monsieur Verdoux. Orson Welles ne ya fara kawo masa shawarar, ya biya shi dala 5,000 ya mallaki labarin. Tushensa gaskiya ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da mazaje suka ƙare a fagen fama, wani Bafaranshe mai suna Henri Landru ya riƙa buga tallan neman aure a jaridun Paris. Zawarawa suka riƙa amsawa, yana kai su wani gida a ƙauyen Gambais, ya kashe su, ya ƙona gawarwakin a murhu, ya kwashe 'yan dukiyoyinsu. A 1921 aka same shi da laifin kashe mutum 11, mata goma da ɗan ɗaya daga cikinsu, aka fille masa kai a Basai a watan Fabrairun 1922. Abin mamaki, mutanen Paris sun riƙa cika kotun kamar gidan wasa, suna dariyar baƙaƙen maganganun da yake yaɓa wa alƙalai.

Shi Verdoux na Cali akawun banki ne da ya yi kimanin shekara 30 yana ƙirga kuɗin wasu, karayar tattalin arziki ta zo aka sallame shi. Yana da mata gurguwa da ƙaramin ɗa, yana sonsu matuƙa, kuma domin ya ciyar da su ne ya shiga sana'ar auren zawarawa masu kuɗi yana kashewa. Farkon ganinsa da za ka yi yana yankan furanni ne a lambu, ya ga tsutsa a ƙasa ya ɗauke ta a hankali don kada ya taka ta. A bayansa kuwa tanderun ƙona shara ne ke tunƙaho da baƙin hayaƙi, maƙwabta suna mamakin yadda ya kwana uku yana ci. Ba a faɗa maka abin da ke ciki ba, kuma ba ka buƙatar a faɗa. Mutum ne da ba ya cin nama, yana yi wa ɗansa faɗa idan ya ja wutsiyar kyanwa. Idan ya gama da mace sai ya zauna ya ƙirga kuɗinta da saurin nan na ma'aikacin banki. A wani wuri ya bi wata tsohuwar matarsa ɗaki da dare, kyamara ta tsaya a waje tana kallon taga har gari ya waye, ya fito shi kaɗai, ya jera kofi biyu a kan tebur bisa sabo, sannan ya tuna ya ɗauke ɗaya. Wannan kofin da ya ɗauke, a wurina, ya fi duk wani jinin da za a iya nunawa tayar da tsigar jiki, kuma a daidai nan ne za ka ji dariya ta kuɓuce maka.

Mafi yawan barkwancin fim ɗin yana kan matar da ta ƙi mutuwa, Annabella, wadda Martha Raye ta fito a matsayinta, mai baki kamar reza da sa'a kamar ta ɗan tsako a bakin shaho. Ya haɗa mata guba, aka yi musayar kwalba, shi ya sha abin da yake zaton gubar ce. Ya kai ta tsakiyar tafki a kwalekwale da igiya da dutse, shi ya ƙare a cikin ruwa. Mai kallo zai wayi gari yana jin haushin matar, yana fatan dabarar ta yi nasara, sannan ya ankara da abin da yake fata. Tarkon da Cali ya ɗana ke nan. Akwai kuma wata yarinya da ya tsinta a titi cikin ruwan sama, ya kawo ta gida da niyyar gwada sabuwar guba a kanta, amma da ya ji labarin mijinta nakasasshe da ya rasu sai ya canja kofin, ya ba ta kuɗi. Bayan shekaru suka sake haɗuwa, shi ya tsiyace, iyalinsa sun mutu, ita kuwa tana cikin ƙatuwar mota, domin ta samu shiga wurin wani attajiri mai ƙera makamai.

Daga nan fim ɗin ya fito da maitarsa fili. A gaban kotu, da kuma a kurkuku kafin a fille masa kai, Verdoux ya kafa hujja cewa duniyar da ke hukunta shi ita ce ke ƙera makaman hallaka mata da yara da dubbai, kuma cikin ilimi da tsari take yi, saboda haka shi ɗan koyo ne a sana'ar. Wanda ya kashe ɗaya ana kiransa mugu, wanda ya kashe miliyoyi ana yi masa kirari, yawan adadi ne ke wanke laifin. A tuna cewa an fara nuna fim ɗin ne a Niyok a watan Afrilun 1947, ba a cika shekara biyu da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ba, Amurkawa suna tsakiyar alfahari da nasarar yaƙi.

Ni dai ban ɗauki hujjar Verdoux a matsayin wankakkiya ba. Ɓarawon akuya bai kuɓuta don ya nuna ɓarawon shanu. Kuma akwai wani son kai a cikin tsarin: matan da ake kashewa an zana su masu masifa ne, ko marowata, ko wawaye, domin kada tausayinsu ya hana mu dariya, abin da ya fi nauyi idan aka tuna tarihin Cali da mata. Waɗanda Landru ya kashe ba haka suke ba. Talakawan zawarawa ne da kaɗaici ya kai su ga halaka. Amma duk da wannan aibi, fim ɗin bai bar mai kisan ya tsira ba, bai kuma bar mai kallo ya tashi da zuciya wasai ba. An nuna Verdoux ana tafiya da shi hannu a ɗaure zuwa inda za a fille masa kai, ba waƙa, ba barkwanci.

Amurka ba ta yafe ba. A daren farko wasu 'yan kallo sun yi masa ihu. A taron manema labarai da ya biyo baya kusan babu wanda ya tambaye shi game da fim ɗin, sai dai ko shi ɗan kwaminis ne, da dalilin da ya sa ya ƙi zama ɗan ƙasa. Marubuci James Agee yana cikin ƙalilan da suka tsaya masa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suka riƙa zanga-zanga a ƙofar gidajen silima har aka janye fim ɗin. Fim ɗin ya faɗi a kasuwar Amurka, kodayake ya samu karɓuwa a Turai, musamman Faransa. Hukumar FBI ta J. Edgar Hoover ta daɗe tana tara bayanai a kansa. A watan Satumbar 1952 ya shiga jirgin ruwa da iyalinsa zuwa Landan domin buɗe sabon fim ɗinsa, Limelight. Yana kan teku Ministan Shari'a James McGranery ya soke takardar izininsa ta komawa. Bai nemi alfarma ba, ya sayi gida a ƙauyen Corsier-sur-Vevey na ƙasar Siwizalan ya tare a 1953.

Hukuma ba ta cika fahimtar ɗan barkwanci ba, a can ko a nan. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya yi wasa da sunan Usama bin Ladan a fim tun ana tsakiyar zafin lamarin, a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta aika shi gidan yari na wata biyu a kan batun fim ɗin Ibro Aloko, shi da ya taɓa zama gandiroba. Laifin da aka tuhume su da shi ba iri ɗaya ba ne, girman abin ma ba ɗaya ba, amma duk wanda ya ga yadda jama'a suka karɓi mutanen biyu daga baya ya san wanda ya yi riba.

Ƙofar da Cali ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. A 1949 Ingila ta fitar da Kind Hearts and Coronets, inda Alec Guinness shi kaɗai ya fito a matsayin 'yan dangi takwas da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1964 Stanley Kubrick ya yi Dr. Strangelove, wanda ya ƙare da hallakar duniya baki ɗaya ana waƙa. A wannan shekarar ce kuma aka sake nuna Monsieur Verdoux a Niyok, mutane suka yi layi. Zuwa 1994, a Pulp Fiction, bindiga ce ke tashi a cikin mota ta fasa kan wani saurayi, sauran barkwancin kuma ya koma kan yadda za a wanke kujeru. Daga irin wannan reshe ne mafi yawan abin da samarinmu ke kallo a waya ya fito, kuma sau da yawa ma guntun wurin mutuwar kawai ake yankowa a tura, babu farkon labari babu ƙarshe. A nan ne nake ganin dattawa suna da abin faɗa. A wurin Cali ba ka ganin jini, amma kana sane da cewa rai ne ya tafi, kuma akwai wanda za a tuhuma. A guntun da ake turawa kuwa jinin ne kaɗai ya rage, mamacin ya zama kamar tulun da ya faɗi ya fashe.

Shekara 20 ya yi bai taka Amurka ba. A watan Afrilun 1972 aka gayyace shi karɓar kyautar girmamawa ta Oska, yana da kusan shekara 83, mahalarta suka miƙe suna tafi na tsawon minti 12. A 1975 Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma ta Ingila, yana kan keken guragu ya karɓa. Ya rasu cikin barci da asubahin 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88, aka binne shi a maƙabartar ƙauyen da ya zauna.

A farkon watan Maris na 1978 wasu makanikan mota biyu 'yan gudun hijira, ɗaya daga Folan ɗaya daga Bulgeriya, suka tone kabarin da dare suka sace akwatin gawar. Suka riƙa buga wa iyalin waya suna neman kuɗin fansa, Oona ta ƙi biya. 'Yan sanda suka sa ido a kan rumfunan wayar tarho na yankin har suka cafke su a watan Mayu, aka gano akwatin a binne a wata gonar masara kusa da ƙauyen Noville, bayan mako 11. Jagoran ya samu ɗaurin shekara huɗu da rabi. Aka mayar da Cali kabarinsa, aka zuba masa kankare mai kauri don kada a kuma. A 2014 wani Bafaranshe, Xavier Beauvois, ya mayar da labarin satar gawar fim ɗin ban dariya, kuma ɗan Cali, Eugene, da jikarsa Dolores suna cikin waɗanda suka fito a ciki.